Ba kowane keken indastiriyal ne ke cin fata ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana da 'yan'uwana dukawa da yaran nan masu ɗinkin takalma da jaka, musamman waɗanda Allah ya hore wa ɗan jari suna shirin shiga Kano sayen keken ɗinki na hannu, wato wanda an riga an yi aiki da shi. Ni baduku ne a nan Daura, gado na yi, da basilla na buɗe ido ina ɗinkin kube da gafaka da kayan doki, sai daga baya na koma keke.

Abin da ya tunzura ni, watan jiya ɗan yayata ya sauko da keke daga cikin napep yana ta washe baki, wai Kawu zo ka sa albarka. Kuɗin adashin uwarsa ne da ragonta ɗaya da aka sayar. Ina ɗaga buhun da aka rufe kan da shi na ga Juki DDL fari tas, gabana ya faɗi. Nace ɗauko ƙirgi ninki biyu, ya ɗauko, yana taka feda allura ta ce ƙas, muka sa wata ita ma ta bi 'yar'uwarta, ta uku ta ɗan ja kamar taƙi ɗaya sai zare ya cukurkuɗe ta ƙasa. Da ya kira dilan sai dilan yace ai indastiriyal ka ce kana so kuma indastiriyal na ba ka, kaya in ya bar shago ya bari. Kuma wallahi in ka duba bai yi ƙarya ba, keken lafiyarsa lau, na tela ne kawai, an yi shi don yadi da shadda, yana zuba ɗinki sama da 5,000 a minti ɗaya, to mu ina ruwanmu da wannan gudu?

Kalmar nan indastiriyal ita ke cin mutane. Ma'anarta keken kamfani ne mai tebur da motar lantarki mai juya shi, shi ke nan, ba ta ce maka komai ba game da fata. Keken tela haƙorin ƙasa ne kaɗai ke jan kaya, ƙafar tana danne a wuri ɗaya, to fata tana da kama ƙarfe, sai ninkin ƙasa ya tafi ya bar na sama a baya, haƙorin kuma ya karce maka fuskar aiki. Namu galibi shi ne wanda makanikai ke kira wokin fut, mai ƙafa biyu, ɗaya ta ɗaga ɗaya ta danne kamar mutum na tafiya, allura da ƙafar ciki da haƙori duk su ja tare. Ba sai ka iya boko ba, ka juya wilin da hannu a hankali ka zuba ido, in ba ka ga ƙafafu biyu suna karɓeɓeniya ba ka ce a sauka lafiya.

Sannan a cikin kekunan fata ma kowa da gonarsa. Mai shimfiɗaɗɗen tebur irin Juki LU-563 ko Pfaff 1245 ko tsohon Singer 111W ya fi dacewa da bel da kushin da duk abin da zai kwanta, sai dai tsofaffin 111W ɗin da yawansu ba su da ribas, sai ka juya aikin ka ɗaure ɗinki. Mai jaka kuwa keke mai siririn hannu a madadin shimfiɗaɗɗen tebur yake buƙata, Pfaff 335 ko Adler 69, wanda za ka zura bakin jakar ya zagaya. Singer 29K da ake gani wurin masu gyaran takalma ƙafarsa na juyawa ko'ina, na faci ne, bobin ɗinsa ɗan mitsitsi, wanda ya ce zai yi kwangilar jakunkunan makaranta da shi zai tsufa yana naɗa zare. Kayan doki masu kauri irin su ragama da majayi, waɗanda muke kwana kansu in Hawan Magajiya ya matso, wannan sai su Singer 45K ko Adler 205, su kuma ko ka gansu kuɗinsu sai ka dafe ƙirji.

Duk wanda za shi sayayya ya tafi da fatarsa da zarensa a aljihu, wanda yake aiki da su kullum. Kar ka yarda da ɗan ƙyallen leda mai laushi da suke ajiyewa ƙarƙashin ƙafar keke da ɗinki tsaf a kai, kai ba ka san ma ko wani keken ne ya yi shi ba. Ka ninka taka biyu, ka ninka uku, ka hau tudun da ɗinki ya haɗu ka ga ko zai yi tsallake, ka danna ribas ka ga ko allura na komawa ramukanta, don fata ba yadi ba ce da za a farke a sake, ramin allura in ya fito ya zauna har abada. Ka juya aikin ka duba bayansa. Ka kama sandar allura ka girgiza, in tana lilo ta ci. Ka kwantar da kan keken ka haska da tocilar waya, ka shafa bakin shatil, wato ƙugiyar ƙasa mai kamo zare daga allura, da farce ka ji ko ya dakushe, ka nemi tsagewa ko walda a jikin ƙarfen. Ni sabon fenti ma tsoro yake ba ni, gara wanda ya koɗe ina ganin shekarunsa da wanda aka yi wa kwalliyar amarya har kan sukurori. In da hali ka ɗauki makanikenka ka biya masa kuɗin mota da na abinci, ya fi maka arha nesa ba kusa ba.

Ka kuma tambayi kayan gyara kafin ka ƙirga kuɗi. Pfaff da Adler na Jamus ne, ƙarfe ne na gaske, amma ranar da wani abu ya karye sai ka yi ta waya Legas. Juki LU da Seiko da Consew kuwa ƙafafunsu na shiga na juna da na Singer 111W, alluransu 135x17, mai bakin yankan fata kuma 135x16, an fi samunsu.

Sai mota, nan ma an sha mutane. Waɗansu daga kamfanonin Turai aka kwaso su da mota mai shan wutar layi uku mai ƙarfin 380, wasu na Amurka ne masu wutar 110, mu kuwa wutarmu 230 ce in an kawo ta. A karanta farantin da ke jikinta. Tsohuwar mai kuloci tun da ka kunna take gurnani ko kana ɗinki ko kana hira, man janareto na tafiya, ga fizga kamar doki ya ga fili. Sabo, wato wadda ake rubutawa servo, sai ka taka take jan wuta kuma za ka iya bin kwana ɗinki ɗaya-ɗaya. Ni dai da na sa ta ban ƙara waiwayar waccan ba, wanda bai da kuɗinta ya sa a rage masa girman fulin motar, wato ɗan wilin da bel ke zagayawa a kai, gudun zai sauka.

Keken yaron dai mun samu wani tela ya karɓa da ragi mai ciwo, uwar har yau ba mu faɗa mata nawa aka yi asara ba. Yanzu yana zaune gefena da basilla, ina ba shi nawa keken bayan la'asar, ragowar kuɗin kuma suna hannuna, bayan Sallah ni da kaina zan raka shi Kano da ƙirginmu a jaka.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani baduku daga Daura, Jihar Katsina