Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: Abin Da Aka Ɓoye A Tukunyar Senshi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so duk da sanyin da ka ce ya matsa muku a can. Mutanen gida kowa lafiya, Inna ma ta ce in gaishe ka.

Wasiƙarka ta same ni, na kuma yi murna da ka kammala kallon Dungeon Meshi, labarin nan na Layos da ayarinsa da suka shiga kogo don ceto ƙanwarsa Falin da jan dodo ya haɗiye, suna dafa dodanni suna ci a hanya, har kashi na 24. Sai dai hukuncin da ka yanke bai kwanta mini ba, wato cewa rabin farko wasan girki ne da barkwanci, rabi na biyu kuma wani labari ne daban, kamar marubuciyar ta sauya shawara a tsakiyar hanya. Ni ma haka na ɗauka a kallon farko. Da na sake bin sa daga tushe a watan jiya, kashi biyu ko uku kowane dare idan an bar mana wuta, sai na ga kusan duk abin da ya girgiza mu a ƙarshe an riga an yi mana hannunka mai sanda a kansa, mu ne dariya ta ɗauke wa hankali. Riyoko Kui ta fara fitar da labarin a mujallar Harta ta Japan a 2014, ta kammala shi a 2023 cikin littafi 14, kafin kamfanin Trigger ya mayar da shi zane mai motsi daga Janairu zuwa Yuni na 2024. Wanda ya bi sawunta a hankali zai yarda cewa tun daga shafin farko ta san inda za ta sauka. Sunayen zan rubuta su yadda muke furta su a hira.

Ka tuna yadda aka buɗe labarin: wani mutum ya fito daga ƙarƙashin maƙabartar wani ƙauye a tsibiri, ya ce shi ne sarkin Daular Zinariya da wani mahaukacin matsafi ya binne shekara dubu da suka wuce, ya yi alkawarin mulkinsa ga duk wanda ya ga bayan matsafin, sannan ya zama ƙura. Mun ji wannan muka wuce, kamar yadda yaro yake jin “ga ta nan, ga ta nanku” ba tare da ya tsaya a kanta ba. Daga baya aka zo kashin hotuna masu rai, inda yunwa ta sa Layos ya ɗaura igiya a kugu ya faɗa cikin zanen bango don ya ci abincin fada. Mu muna jiran mu ga ko zai samu loma, alhali ana nuna mana haihuwar Delgal, wato sarkin nan, da ranar bikinsa wadda a cikinta mahaifinsa ya mutu, da ranar naɗinsa. A zane na uku wani mai dogon kunne ya tare shi, ya ce ya gan shi a wurin haihuwar, ya kuma gan shi a wurin bikin. Aka fizgo Layos waje, abincin da ya ci bai biyo shi ba, muka yi dariyar cikinsa da ya koma fayau. Wannan mai dogon kunnen kuwa shi ne Tisil, matsafin da aka ambata a farko, kuma da suka sake haɗuwa bayan kashe jan dodon ya gane Layos nan take.

Shi kansa jan dodon mai aman wuta an bar mana sawunsa. Lissafin Layos shi ne irin wannan dabba tana yin dogon barci bayan ta ci, don haka Falin ba za ta narke da wuri a cikinsa ba. Amma da suka gamu da ƙabilar ok mazauna kogon, sai suka ji cewa dodon ya hauro sama yana yawo, har ya kore su daga matsuguninsu. Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya hana shi barci. Amsar ita ce Tisil ne ya tura shi neman Delgal, sarkin da shi Tisil ya ƙi yarda cewa ya mutu. Wannan yawon ne ya sa da suka farke cikinsa ƙasusuwa kawai suka tarar, shi ne ya tilasta wa Marsil, matsafiyar ayarin mai dogon kunne, yin haramtaccen tsafin mutanen dā da nama da jinin dodon, shi ne kuma ya sa Falin ta dawo a haɗe da dabbar da take ƙarƙashin umarnin matsafin. Dokar kogon ma ba a ɓoye ta ba: an faɗa mana rai ba ya rabuwa da jiki a cikinsa, kuma ba a tayar da wanda ya faɗi sai an cike abin da jikinsa ya rasa da nama ko jinin dabba. Mun ɗauka sauƙi aka yi wa ’yan wasa don kada mutuwa ta tsayar da labari, ashe tarko ne.

Inda abin ya fi kama ni shi ne Senshi, wadan nan mai yi wa ayarin girki. Tun ranar da ya same su suna ƙoƙarin dafa kunama da laimar kwaɗi mai tafiya, halinsa ɗaya ne: sai kowa ya ci, musamman wanda yake gani yaro ne. Yana bin Cilcak, mai buɗe wa ayarin makullai da kwance tarkuna, da faɗan abinci mai gina jiki kamar uwa, alhali Cilcak shekararsa 29, wanda a jinsinsu da ba su cika wuce 50 ba magidanci ne sosai. Mun yi ta dariya. Mun yi dariyar tukunyarsa ma, wadda asalinta garkuwa ce ta ƙarfen adamant, har Namari, tsohuwar ’yar ayarin Layos, ta kusa haɗiyar zuciya da ta ga ana girki a cikinta. Sai aka zo kashi na 23, aka nuna shi yana ƙaramin cikin ayarin masu haƙar ma’adinai da suka maƙale a kogon, manya suna fita neman abinci suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, har shugabansu Gilin ya kawo masa nama ya ce na dodo ne mai kan gaggafa, ya fita bai sake dawowa ba. Shekara da shekaru Senshi yana ɗauke da zargin cewa naman ɗan’uwansa ya sha a romon nan. Ka sake kallon kashi na farko da wannan a zuciyarka, ka dubi yadda yake miƙa wa kowa kwano, za ka ga mutum ne da yake biyan bashin wanda ya ciyar da shi. A daren da na kai wurin da Layos ya gano cewa dabbar mai ƙafafun doki ce, aka sake dafa romon, Senshi ya kurɓa ya gane ɗanɗanon ya fashe da kuka, ƙanena da ke leƙen wayar ta bayan kafaɗata ya tambaye ni ko hayaƙin maganin sauro ne ya shiga mini ido. Na ce masa shi ne.

A ganina zumuncin da ke tsakanin mutanen nan an gina shi ne a kan rashin fahimtar juna, kuma tsawon rai ne tushensa. Mutane irin su Layos suna yin kimanin shekara 60, wadanni irin su Senshi 200, masu dogon kunne 400, don haka kowa da ma’aunin da yake auna yaro da babba. Mafarkin Marsil, inda ta koma ƙaramar yarinya rungume da ’yar tsana tana gudun abin da ya cinye mahaifinta da tsuntsunta, shi ya fassara mini rawar jikin da take yi a kan Falin tun daga ranar farko. Tsoronta shi ne ta binne duk wanda take ƙauna. Na karanta littattafan har ƙarshe, ba kuma zan ɓata maka ba, amma ka riƙe maganar mahaifin nan nata da kyau. Ka haɗa wannan da mutanen ƙauyen Yaad, jikan Delgal, waɗanda aka hana mutuwa har suka daina jin yunwa da daɗin abinci, suna noma don sabo kawai, za ka ga tambayar da ake shirya wa Marsil tun kafin ta san za a yi mata ita.

Faɗan Layos da Shuro, tsohon ɗan ayarinsa da ya zo daga wata ƙasa, kuwa ya yi mini ciwo, domin na san irinsa. Layos yana ganin ya yi aminin da bai taɓa yin kamarsa ba, Shuro kuma ya daɗe yana haƙuri da shi cikin kunya da kawaici irin na mutanen ƙasarsu, yana jiran ya gane da kansa. Layos, wanda zai iya gaya maka yadda sulke mai tafiya yake hayayyafa, bai iya karanta fuskar mutum ba. Nan da nan sai aka kawo dabbar da ke kwaikwayon siffa, wadda ta ƙera jabun kowannensu daga yadda sauran suke ganinsa, aka kuma ɗora wa Layos ɗin nan alhakin tantance na gaskiya. Jabun Cilcak da ya fito daga kan Senshi yaro ne sak. Ban taɓa ganin an auna zumunci da irin wannan dabara ba. Shi ma Cilcak, da yake ta nanata cewa kuɗi aka biya shi kuma ba ya haɗa aiki da abota, sai da aka kai shi bango kafin ya furta cewa ba ya son su mutu, can daga baya kuma ya ambaci matarsa da ’ya’yansa mata uku kamar wanda ake cire wa haƙori.

Akwai inda na yarda da kai. Ɓangaren Kabru, shugaban wani ayarin daban, da mutanensa yana jan ƙafa a farko, Izutsumi kuma, yarinyar nan mai siffar kyanwa, ta shigo a makare, ba a ba ta filin da ya ishe ta ba kafin zangon ya ƙare, ƙarshen ma an yanke shi ne ana tsakiyar tafiya. An dai sanar da zango na biyu, kuma a can ne maganar Zaki Mai Fukafukai, wanda mutanen Yaad suke ɗauka majiɓincin daularsu, za ta fito fili. Kafin nan ina roƙonka ka sake kallon kashi shida na farko, ka lura da takobin da Layos ya raɗa wa suna Kensuke da lokutan da yake motsi da kansa, sannan ka rubuto mini ko har yanzu kana kan bakanka.

Ka gaishe da abokan zamanka. Allah Ya ba da sa’ar jarrabawa, Ya dawo mana da kai lafiya.

Naka amini.