Sanarwa ga masu ɗauko rahoton kotu

Salam ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah a ɗan kula, jiya ma na ga wani ya turo "kotu ta ɗaure ɓarawo" alhali alƙali cewa yayi a tsare mutumin zuwa zama na gaba, ko shaida ɗaya ba'a saurara ba! Tsarewa daban, ɗauri daban. Kuma sashe na 36(5) na tsarin mulkin Najeriya na 1999 yace mutum bashi da laifi har sai an tabbatar, to "wanda ake zargi" zaku rubuta, ko da kuwa da akuyar aka kama shi.

Ɗaurin talala ma ana ta kwaɓa shi, wasu sun ɗauka beli ne. Daga kiwo aka aro kalmar, dabbar da aka ɗaure da doguwar igiya, tana kiwonta amma bata da ikon yin nisa, haka shi ma mutum ba'a kulle shi ba amma an taƙaita masa zirga-zirga. Gidan yari kuwa Yari sarauta ce ta mai kula da fursunoni, tun 2019 dai hukuma gidan gyaran hali take cewa.

Ɗan jaridar kotu sai da haƙurin zaman benci da kunne, banda fita waya ana tsakiyar karanta hukunci. In baka gane ba tambayi rajistara kafin ka turo mana.