Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke jinya a Maiduguri

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan sauƙi yana ƙara samuwa. Ya jiki? Allah Ya sa kaffara ne. Innarka tana gaishe ka, da maiɗakinka da yara da ƙannenka, har da mutanen masallacinmu da ke tambayarka bayan kowace asuba.

Labarin ciwonka ba daga bakinka muka ji shi ba, kuma wannan ne ya fi yi mini zafi. Abokin aikinka ne ya kira maiɗakinka ya ce an ɗauko ka daga Monguno zuwa asibitin soja a Maiduguri, taifot da zazzaɓin cizon sauro sun haɗu maka. Ya ce ka daɗe kana haɗiyar farasitamol kana fita sintiri, har sai da ka yanke jiki ka faɗi. Alhali duk wayar da muka yi, amsarka ɗaya ce: lafiya lau. Innarka tun lokacin take cewa muryarka ba daidai take ba.

Na san abin da ya sa ka ɓoye. Kana gudun a ce ka yi raki a gaban 'yan uwanka sojoji, kana kuma tunanin kuɗin da kake aiko mana. To, ka saurare ni. Allah da kanSa Ya ɗauke wa majinyaci fita yaƙi, yana nan cikin Suratul Fathi da Suratut Tauba cewa babu laifi a kan mara lafiya. Wanda Allah Ya yi wa uzuri, kunyar wa zai ji? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa garin nan na Sakkwato a 1809, ya jagoranci yaƙe-yaƙe da yawa, amma ya zauna ya yi rubuce-rubuce a kan magani da kula da lafiya. Sojan da jiri ke ɗiba a bakin daga kuwa, haɗari ne ga kansa da wanda ke tsaye kusa da shi.

Taifot ba ciwon wasa ba ne. Daga gurɓataccen ruwa da abinci ake ɗaukarsa, kuma idan aka bar shi ya daɗe yana iya huda hanji har ta kai ga tiyata. Mugun halinsa shi ne zazzaɓin ya sauka mutum ya ji garau, ya ajiye magani, sai ya dawo masa da ƙarfi. Don haka ka shanye abin da likita ya rubuta har ƙwayar ƙarshe, haka ma na zazzaɓin cizon sauron, ka cika kwanakinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: duk abin da kake ji ka faɗa wa likita, har rashin barci da firgitar da maiɗakinka ta lura da su a zuwanka na ƙarshe. Kada ka karɓi tiramol ko wata ƙwayar ƙarin ƙarfi a hannun kowa, ko da abokinka ne. Salla kuwa, in tsayuwa ta gagara ka yi a zaune, in ruwa zai cutar da kai ka yi taimama.

Batun gida, ba zan yi maka irin abin da ka yi mana ba, zan faɗa maka yadda ake ciki. Rayuwa ta yi tsada. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota da na abinci ba su koma yadda suke ba, kuma rufe iyakar Nijar da aka yi a shekarar ya daki masu harka ta Illela ƙwarai, duk da an buɗe daga baya. Gabashin jihar nan, su Isa da Sabon Birni da Goronyo, 'yan bindiga sun hana mutane da yawa gonakinsu; ta wajen Tangaza da Gudu kuma ana fama da 'yan ta'addan Lakurawa. Goggonka ta baro ƙauye da jikokinta, suna ɗakin da ke kusa da zaure. Ƙaramin cikinsu, da ya ji ƙarar babura a layi sai ya ruga ya shige bayan randa, sai an lallashe shi yake fitowa. Innarka kuma rediyo na gefenta dare da rana. Da an ambaci Borno sai ta ajiye muciya ta ɗaga hannu kowa ya yi shiru.

Duk da haka ba mu kwana da yunwa ba. Geron da muka samu bana yana rumbu, ƙanenka ya sa albasa a fadama, ni ma ina fita kasuwa. Kuɗin makarantar yaranka na wannan zango an biya. Saboda haka kada tunanin alawus ya sa ka matsa wa likita ya sallame ka. In sun ba ka hutun jinya ka karɓa ka taho gida, innarka ta yi maka kunu da hannunta. Yaƙin nan tun 2009 ake yinsa, zamanka na 'yan makonni a gado ba zai rage komai daga aikin da ka yi wa ƙasa ba.

Innarka ta dage sai ta zo. Na hana ta, don tafiyar ta haura kilomita 1,000, ga hanyar Gusau yadda take, ga hawan jininta. Abin da zai kwantar mata da hankali shi ne ka kira ta da kanka bayan magariba, ko da gaisuwa ce kawai za ka iya. Ka kuma tambayi likita abin da ya halatta ka ci. Ta tanadi garin kunu da zuma da dabino, akwai direban da zai kai su Kano ya ba motar Maiduguri. Yaji da kilishi na ce a dakata sai cikinka ya warware. Ka turo mana lambar abokin nan naka, ina so in yi masa godiya.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya tsare ku kai da 'yan uwanka. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Sakkwato.