Wa zai karanta fayil ɗin bayan an yi kamu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan ofishin da aka fi mantawa da shi idan ana rabon kasafin kuɗin birni, wato ofishin masu gabatar da ƙara.

Da zarar an ce laifi ya yi yawa, sai a ƙara 'yan sanda da motoci, domin su ne ido ke gani. To amma duk wanda aka kama, fayil ɗinsa teburin wani lauya zai sauka. Shi zai karanta bayanan shaidu, ya zauna da wanda aka zalunta, sannan ya yanke ko a je kotu ko a sallami mutum. Idan kamu ya ninka, lauyoyin kuma suna nan yadda suke, wa zai karanta?

Abin da ya faru a New York ya daɗe yana damuna. A 2010 aka kama Kalief Browder, yaro ɗan shekara 16, a yankin Bronx, bisa zargin satar jakar goyo. An sa belinsa dala 3,000, iyayensa ba su da ita. Shekara uku ya yi a gidan yarin Rikers, kusan biyu daga ciki shi kaɗai a ɗaki, kuma ba a taɓa yi masa shari'a ba. Sau da yawa a kai shi kotu, masu gabatar da ƙara su ce ba su shirya ba, a ɗage. A 2013 suka janye ƙarar. Bayan shekara biyu ya kashe kansa. Ban wanke ofishin daga laifi ba, amma wanda ya san cunkoson kotunan Bronx na lokacin ya san yadda fayil ɗin talaka ke nutsewa a ƙarƙashin wasu.

A 2019 jihar New York ta yi dokar da ta tilasta wa masu gabatar da ƙara miƙa wa lauyan wanda ake tuhuma duk hujjojinsu da wuri, da farko cikin kwana 15, daga baya aka mai da shi 20 ga wanda ke tsare, 35 ga wanda ke waje. Doka ce mai kyau, ina goyon bayanta. Sai dai hujja a yau ta haɗa da bidiyon kyamarar da ɗan sanda ke maƙalawa a ƙirji, awa kan awa, kuma mutum ne zai zauna ya kalla. Shugabannin ofisoshin birnin sun yi ta kokawa cewa lauyoyinsu na ajiye aiki saboda nauyi da ƙarancin albashi, ana kuma korar ƙararraki saboda wa'adi ya wuce. Wanda aka yi wa fashi ya koma gida hannu rabbana.

Tun 1990, a wani taro da aka yi a Havana, babban birnin Cuba, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin da suka ce wajibi ne gwamnati ta ba masu gabatar da ƙara albashi mai kyau da yanayin aiki da ya dace.

Malam Edita, don Allah idan lokacin kasafi ya zo, ka tura wakilinka ofishin nan. Ya tambaya fayil nawa ke kan teburin kowane lauya, lauya nawa suka ajiye aiki bara, da kuma wata nawa mutumin da ya fi daɗewa a tsare ya yi yana jiran su ce sun shirya.

Naka,
Mai karatu