Godiya ga masu fentin hoda na Sharaɗa

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Injiniya, wannan godiya taka ce da yaran aikinka, na kuma zaɓi in yi ta a bainar jama'a don 'yan'uwana masu walda su ji. Ni get da tagogi da ƙafar tankin ruwa nake ƙerawa a Ƙofar Ruwa, kuma duk mai wannan sana'a ya san tsatsa ce ke zubar mana da mutunci. Ka shafa jan fenti, ka bi da mai ƙyalli, ruwan Agusta ya samu kafa ta bakin walda, fenti ya kumbura ya ɓare, mai gida ya kira ka da faɗa.

Shi ya sa nake kawo muku aikina ku yi masa fentin hoda, wato busasshen fenti da ake fesa wa ƙarfe a gasa. Abin da ya fi burge ni a wurinku shi ne wahalar da kuke sha kafin feshi. Sai an buga wa ƙarfe yashi da iska mai ƙarfi har ya yi fari fat, an wanke maiƙo, an kankare tartsatsin walda. Da idona na ga wani yaronka ya goga farin ƙyalle a jikin get ɗina, ya ga ɗan dabbaren giris, ya mayar da shi wanki ba tare da kowa ya sa shi ba. Bayan nan ne bindigar feshi ke ɗora wa hodar cajin lantarki ta manne, a tura cikin tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, ta narke ta zama fata guda. Ba tina, wato ruwan tsinka fenti, ba warin da ke sa ciwon kai.

Sai kuma gaskiyarka. Da na kawo aikin wata majema ta Challawa, inda gishiri da sinadarai ke cin ƙarfe, ka ce hoda kaɗai ba za ta riƙe ba, in fara kai shi a tsoma a narkakkiyar tutiya, mai zafin wajen digiri 450, domin ko an ƙarje, tutiyar ce ke ciwuwa kafin ƙarfen. Har ka tuna mini in huda bututan, kada iskar ciki ta fasa su a tukunya. Wani da sai ya karɓe kuɗina ya yi shiru.

Kuɗinku da ɗan nauyi, ba na musu, amma na san abin da tanda da kwamfuresa ke sha in babu wuta.

Roƙona ɗaya, a faɗaɗa tandar nan, don dogon get sai mun raba shi biyu yake shiga. Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ku da yaranku.

Naku,
Mai walda, Ƙofar Ruwa, Kano