Allon nasaran da ka aiko ya sha da ƙyar

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Faransa, ya karatu? Mu nan Maradi lahiya lau sai zahi, bazara ta kama da gaske, tun ƙarhe goma na sahe ba ka iya taka ƙasa ba takalmi. Inna na gaishe ka, ta ce tunda ka tahi ko muryarka ba ta ƙara ji ba, don Allah ka kira ta ko ta bar ni in huta.

To na'urar karatun nan da ka aiko min bara, wadda Inna ke ce ma allon nasara, ita ta sa na zauna rubuta maka wannan. Sati biyu da suka wuce ta tsaya min cak. Na yi karatu da dare na aje, washegari na manta ta cikin akwatin moto tun sahe har la'asar a bakin babbar kasuwa, rana na dukanta, da na dawo gida na ɗauko sai na ga shafin da na tsaya yana nan tsab, rubutu raɗau, amma na taɓa bai motsa ba, na danna maɓalli shiru, na sa caji ko ƴar hitilar nan ta ƙasa ba ta kama ba. Wallahi gabana ya faɗi, ba don na'urar kaɗai ba, duk takardun da nake shirya darasin yara da su suna ciki kuma ban aje su wani wuri ba.

Na kai wa wani yaro mai gyaran salula, ya jujjuya ta ya ce gilashin ne ya mutu, a ba shi jikka biyar ya buɗe ya gani. Na ce gilashin da ya mutu ne ke nuna rubutu haka? Ya ce haka suke yi. Daga yadda yake neman inda zai zura sukurdireba na gane bai taɓa riƙe irinta ba, na karɓi abata na hau moto. Ban ga laihinsa sosai ba, waya ya sani, kuma a waya in ka ga hoto a gilashi to akwai sauran rai a batir.

Nan ne ni ma na ruɗe, sai da na zauna na yi ta bincike a waya sannan na gane. Gilashin waɗannan na'urori ba irin na waya ba ne, E Ink ake ce masa, daga jami'ar MIT ta Amurka aka faro shi, aka kafa kamfanin a 1997. Cikinsa wasu ƴan ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, kowace da farin gari da baƙi a ciki, wuta ce ke tura baƙin sama ko farin, to da sun zauna shi ke nan ba su ƙara buƙatar wuta sai za a juya shafi. Kamar allonmu na makaranta dai, ka tuna, in malam ya rubuta maka ka jingine a zaure ko wata guda ka yi rubutun na nan sai ran da ka wanke. Har wannan baƙin da take yi ƙyal in an juya wasu shafuka, wankin allon ke nan. Ashe Inna ta riga mu gane abin. Wato ni ina kallon shafi ina cewa ta daskare, ita kuwa batir ya ƙare ƙaf tun tuni, gawa ce da ido buɗe.

Saura mi ya hana ta ɗaukar caji. Na haska bakin cajin da tocilan, mutumina ka ga ƙura! Duk ta hunturun bana tana ciki ta dunƙule kamar an liƙe da laka. Na sa tsinken sakace a hankali na yi ta fiddowa, ban sa allura ba don ƙarfe na iya haɗa wuta a ciki. Sannan wayar cajin ma ashe ta karye daga wuya, aikin autanmu ne, da ita yake ɗaure motar gwangwaninsa. Na aro ta maƙwabci, na jira kuran ya dawo wajen ƙarhe tara na dare, na jona. Minti ashirin babu komi, har na fidda rai, can sai ga ƴar hitila ta kama ruwan goro. Batir in ya ƙare har ƙasa haka yake, sai ya sha ya sha kahin ya nuna alama.

Na bar ta har asuba. Duk da haka shafin bai motsa ba. Abin da ya rage shi ne danna maɓalli a riƙe, kuma nan ne na yi ta kuskure tun farko, ina riƙewa sakan biyar in saki. Masu yin na'urar karatu ta Kindle ma abin da suke cewa sakan 40 cur, ko gilashin ya yi baƙi ya yi fari kar ka saki. Na riƙe ina ƙirgawa a bayyane, Inna na kan tabarma da carbi tana kallona kamar na zautu, na kai talatin da wani abu sai gilashin ya wanke kansa ya taso. Takarduna duka suna nan. A ranar na kwashe su na zuba a kwamfutar ƙanena.

Na ga kuma an rubuta irin waɗannan na'urori ba a so su yi aiki a zahin da ya wuce digiri 35, na yi dariya ni kaɗai, mu da watan Afrilu ke kai mu sama da 40 a inuwa. Yanzu dai kusa da randa take kwana, kuma kullum ina shafa bayanta in ji ko batir ya kumbura, ya zuwa yau lahiya.

In ka samu mai zuwa gida kahin Babbar Salla ka aiko min wayar caji biyu masu ƙwari, irin mai ƙaramin bakin nan na da, ba tip C ba, da riga mai murhi in akwai. Kilishinka na nan na sa a yi, ka faɗa min wanda zan ba.

Ka gaida mutanen gidan da kake. Sai na ji ka.

Naka,
abokin zaurenku