Bayan "sai haƙuri" akwai sauran magana

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shirye,

Assalamu alaikum.

Amsar da aka ba matar nan da ta bugo waya a shirinku na lafiyar ido ranar Alhamis ita ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa na ɗauki biro. Baiwar Allah ta ce hawan jinin ido ya cinye wa maigidanta gani, asibiti sun ce ba zai dawo ba, wata takwas ke nan bai taka ƙofar gida ba, yaya za ta yi? Likita ya ce mata wannan kam sai haƙuri. Mai gabatarwa ya ɗora da cewa jama'a a riƙa tausaya wa makafi ana ba su sadaka, sannan ya ce a je talla a dawo. Da aka dawo aka koma kan aikin yanar ido, kamar ba a yi matar ba.

Ban ce likita ya yi ƙarya ba. Jijiyar idon da hawan jinin ido ya kashe ba ta farfaɗowa, wannan na san shi sanin da ba na fatan kowa ya yi. Amma ai ba cewa ta yi a dawo wa mijinta da ido ba. Tambayarta ita ce yadda za ta yi da magidanci lafiyayye, ƙafafunsa biyu garau, da ya koma zaman ɗaki. Wannan tambaya tana da amsa, akwai kuma mutanen da aikinsu ke nan, shi suka karanta. A shiri na sa'a guda cur ba wanda ya ambace su ko da baki.

Mahaifina ya fi shekara talatin yana sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Abin ya fara masa ne ta gefe. Sai ya yi karo da buhu, ko ya buge kwanon awo da ke dab da shi, ya ce hasken rumfar ne bai isa ba. Ba ciwo, ba ja, ba hawaye, don haka ba wanda ya ɗauke shi cuta. Kafin mu kai shi asibiti idon dama ya tafi, na hagu kuma saura ɗan abin da mutum ke gani in ya leƙa ta ramin makulli. Aka ba shi maganin ɗigawa safe da dare. Bayan shekara guda shi ma wannan ɗan hasken ya ɗauke. Ranar da muka koma, likita ya haska, ya jinjina kai, ya faɗa mana kalmomin nan biyu da aka faɗa wa matar nan. Layi ya cika a bayanmu, ban ga laifinsa ba. Muka karɓi katinmu muka hau adaidaita sahu muka dawo gida, ba wanda ya ce mana ga abin da za ku yi gobe da safe.

Shekara biyu Baba ya yi a ɗaki. Mutumin da ake zuwa har gida a ɗauka don ya raba gardama tsakanin dillalai, shi ne ya koma sai an miƙo masa buta, sai an riƙe shi zuwa banɗaki. Da farko ɗana, yana da shekara tara a lokacin, shi ya zama ɗan jagora, yana gaba yana jan sanda Baba na baya, sau biyar a yini. Yaron ya fara makara, ya fara fashin Islamiyya, sakamakonsa ya faɗi. Baba da kansa ya gane, ya ce ba zai kashe wa jikansa karatu ba, daga yau sai Juma'a kawai. Daga baya Juma'ar ma ya bari, saboda wata rana yaron ya tsallake kwata bai yi magana ba, Baba ya zurma har gwiwa da fararen kaya a gaban jama'a. Ƙafafunsa suka fara kumbura don zama. Magana ta ragu. Wata rana na shiga gaishe shi, ya ce mini shi da gawa bambancinsu numfashi. Haƙurin da ake ce wa mutane su yi, Malam, a gidanmu ga kamanninsa.

Allah ya kawo mafita ta hannun wata nas. Na je a auna nawa idon ne, don an ce cutar tana bin jini, 'ya'ya da 'yan'uwan mai ita su riƙa zuwa awo. Tana ɗiga mini magani ta tambaye ni jikin Baba. Da na ba ta labari ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, ba wanda ya haɗa ku da malamin sanda? Wallahi ranar na fara jin akwai wani abu wai shi malamin sanda. Ta rubuta mini lambar wani malami da ke koyarwa a makarantar masu buƙata ta musamman, wanda ya karanci koya wa makafi zirga-zirga.

Ran Asabar ɗin farko da ya zo ko sanda bai fito da ita ba. Ya zauna kan tabarma suka gaisa da Baba, suka taɓa hirar farashin gero, sannan ya ce, Baba, in da za ka iya zuwa wuri ɗaya da ƙafarka, ina ne? Baba ya ce masallaci. Ya ce to can za mu, amma daga ɗakin nan za mu fara. Ya koya masa bin bango da bayan hannu, yatsu a ɗan lanƙwashe don kada su soki abu, da yadda zai gitta ɗaya hannun a gaban fuska in zai sunkuya ko zai ratsa inda bai sani ba. Mu kuma ya yi mana faɗa sosai, kuma mun cancanta. Ƙofa ko dai a buɗe ta gaba ɗaya ko a rufe ta, rabi da rabi ita ke fasa goshi. Buta da turmi da kujerar tsugunne kowanne ya sami mazauninsa, wanda ya ɗauka ya mayar. Igiyar shanya a ɗaga ta. In ka shigo ka faɗi sunanka, in za ka fita ka ce ka fita, kada ka bar dattijo yana magana da iska. Ya kuma hana jan sanda. Ya ce mai jagora tafiyarsa zai yi, makaho ya riƙe shi a saman gwiwar hannu, yana rabin taku a baya, ta haka jikin na gaba ke gaya wa na baya an zo hawa ko gangara tun kafin baki ya faɗa.

Da ya kawo farar sandar a mako na uku, Baba ya ƙi taɓa ta. Ya ce shi bai taɓa bara ba, ba kuma zai riƙe sandar bara ba. Malamin bai yi musu da shi ba. Ya ciro ƙyalle ya ɗaure nasa idon, ya ce in riƙe Baba mu biyo shi a baya mu saurara. Ya fita zaure, ya bi layinmu har bakin titi ya dawo, muna jin ƙas, ƙas, ƙas, bai taka ko ɗigon ruwan kwata ba. Baba ya yi shiru, can ya ce a ba shi ya ji nauyinta.

Ashe abin ilimi ne mai ƙa'ida. An auna sandar daga ƙasa zuwa ƙirjinsa. Hannu a tsakiyar jiki, ɗan ali a miƙe a jikin mariƙin, wuyan hannu ne kawai ke motsi. Bakin sandar yana taɓa ƙasa dama da hagu, ya ɗan zarce faɗin kafaɗa, kuma in ƙafar dama ta yi gaba sanda tana hagu, tana duba inda ƙafar hagun za ta sauka. Wannan kaɗai ya ci mako biyu a tsakar gida, Baba yana rikicewa yana tsaki, malamin yana cewa a sake. Bayan nan aka shiga haddar hanya. Daga zaure kwata tana hagu, a bi gefenta da bakin sanda har a ji katakon da aka gitta. A haye. In ƙarar injin markaɗe ta dawo daidai kunnen dama, a juya. Akwai turken wuta a tsakiyar hanya, bayansa ƙasa ta koma siminti, sai matakala uku. Da asuba babu inji, don haka sai ya koya masa wata alamar, inda dogon bangon makaranta ke ƙarewa iska ta bugi fuska.

Wata uku ana wannan. Ranar da Baba ya tafi La'asar shi kaɗai, malamin yana bayansa da taku goma, ni kuma ya gargaɗe ni cewa ko me na gani kada in taɓa shi, kada in yi magana. Na ga Baba ya nufi turken nan kai tsaye, zuciyata ta tsinke, sai na ji sandar ta buge shi, ya tsaya, ya kewaye, ya wuce. Ya hau matakala uku, ya cire takalmi ya ajiye a kusurwar da aka koya masa, ya shiga sahu. Ni a waje na yi sallar nan, don ban so a ga fuskata ba. Yau shekara huɗu ke nan, ba ya fashin jam'i sai ran ruwan sama. Yana zuba shayinsa da kansa, yatsa a bakin kofi. Kuɗinsa kowace takarda da irin ninkin da yake mata. Ɗana yana aji uku na sakandare.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani Ba'amurke, Richard Hoover, ya tsara wannan salon doguwar sanda don sojojin da suka makance a fagen fama. A nan gida makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana nan tun 1953. Akwai kwalejin ilimi ta tarayya a Oyo da aka keɓe don horar da malaman masu buƙata ta musamman, akwai sashen wannan karatu a Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero, ga makarantar Tudun Maliki a cikin garin nan. Wato baƙon da ya kamata ku zaunar kusa da likitan nan ba daga wata uwa duniya za a ɗauko shi ba, kuɗin adaidaita ne tsakaninku.

Na ji likitanku ya kawo alƙaluman binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007, cewa sama da mutum miliyan 1 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne a Najeriya, kuma yanar ido ce ta ɗauki kashi 43 cikin 100. Gaskiya ne, a yi ta faɗa, domin aikin yanar ido na 'yan mintoci ne mutum ya tashi yana gani, kuma Kano ba baƙuwar aikin ido ba ce, asibitin ECWA kaɗai tun 1943 yake yi. Allah ya saka wa masu wannan aiki. To amma binciken nan dai shi ya ce hawan jinin ido ne na biyu, kusan kashi 17 cikin 100. Ku lissafa mutum nawa ke nan da wuƙar likita ba ta da abin da za ta yi musu. Su duka a ɗaki za su ƙare? 'Yan malaman da ake da su a makarantun yara suke, dattijon da ya makance yana da shekara sittin ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A ganina duk asibitin da yake da likitan ido ya kamata a ce a ɗakin da ke kusa akwai mai koyar da sanda, wanda aka ce wa sai haƙuri ya fito nan ya shiga nan. An sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci tun Janairun 2019, an kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Ku kira su ku tambaye su malaman sanda nawa suka horar, kuma a ina suke.

Maganar sadaka kuwa, ku ja wa mai gabatarwar nan kunne. Akwai makafi lauyoyi da malaman jami'a da ma'aikatan gwamnati, suna karatu da rubutun makafi na Braille da ake shafawa da yatsa, suna aiki da waya mai karanta musu saƙo. Baba yana zaune kusa da ni lokacin da aka faɗi kalmar nan, ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon. Sannan tallar da kuka tafi a daidai wannan gaɓa ta mai maganin gargajiya ce da ke rantsuwa ruwansa yana wanke yanar ido da hawan jinin ido a kwana bakwai. Irin wannan ruwan mun ɗiga wa Baba kwalba huɗu kafin mu je asibiti. Wa matar nan za ta gaskata, likitan da ya ce mata babu magani, ko tallar da ta biyo bayansa a tasharku?

Ranar 15 ga Oktoba ita ce ranar farar sanda, ta zo ta wuce ban ji kun ce uffan ba. Ba sai kun jira ta baɗi ba. Ku maimaita shirin nan, ku gayyato malamin sanda da nas ɗin ido da wani daga Ƙungiyar Makafi ta Najeriya wanda ya zo tashar da ƙafarsa, ku kuma gaya wa masu adaidaita da masu babura cewa in sun ga farar sanda a bakin titi su tsaya. Lambar matar nan tana cikin wayar ɗakin shirinku. Ku neme ta ku haɗa mu, ni zan kai malamin har gidansu, kuɗin motar a kaina.

Wani abu kuma tun da na riga na ɗauki biro. Shirin farashin kayan gona da kuke yi da safe, me ya sa kuka mayar da shi ƙarfe goma na dare? Manoma da 'yan kasuwar da aka yi shi dominsu duk sun yi barci a lokacin. Baba shekara da shekaru da shi yake karya kumallo, yanzu kullum sai ya aike ni in tambayo masa nawa ake sayar da buhun dawa. Don Allah ku dawo da shi bayan labaran ƙarfe bakwai.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Kurna, Kano